Darasi na Tara: Bawan da Ya Binne Talantinsa

Abin karantawa: Matta 25:14-30, Fitowa 35:30-35, Mai-Wa'azi 11:1-6.

Ayar haddacewa: 2 Timothawus 1:7.

Manufar darasi: Mu gane cewa hikima da dabara kyauta ce daga wurin Allah, kuma tsoron kasawa ba ya isa ya zama hujjar ɓoye abin da aka danƙa mana.

Gabatarwa

'Yan'uwa, akwai karin maganar da mu ke ji kullum, cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. A dandali maganar tana da gaskiyarta, gama ba wanda ya ke so a yi masa dariya. Amma da yawa a cikinmu sun ɗauko ta daga dandali sun shigo da ita cikin aikin Ubangiji. Wani Allah ya ba shi sabuwar waƙa a zuciya, ya haɗiye ta. Wata ta ga yadda za a tara matan unguwa a koya musu karatu, ba ta faɗa wa kowa ba. Wani saurayi ya yi marmarin juya Bishara cikin harshen iyayensa, ya ce wa kansa, shi wane ne? Dukansu ba mugunta ce ta hana su ba, tsoro ne. A darasin yau za mu duba abin da Ubangiji Yesu ya faɗa a kan mutumin da ya ƙi tashi domin gudun muguwar rawa.

1. Abin da aka danƙa wa bayin

Ubangiji ya ba da wannan misali a kan Dutsen Zaitun, kwanaki kaɗan kafin a gicciye shi, sa'ad da ya ke koya wa almajiransa yadda za su zauna har ya komo. Wani maigida zai yi tafiya mai nisa. Ya kira bayinsa uku, ya ba ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya kuma guda.

Kada mu ɗauka talanti ɗan ƙaramin kuɗi ne. Talanti ma'auni ne na nauyi, kuma talanti ɗaya na azurfa ya kai wajen dinari 6,000. A Matta 20:2 mun ga dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda. In mutum ya yi aiki kwana 300 a shekara, sai ya shekara 20 kafin ya sami talanti ɗaya, in bai ci ko anini daga ciki ba. Ashe wanda aka ba shi mafi ƙanƙanta, dukiyar rabin rayuwar mutum ce a hannunsa.

Mu lura da abu biyu a aya ta 15. Na fari, dukiyar ta maigida ce, bayin masu riƙo ne kawai. Na biyu, maigidan ya raba ta gwargwadon ƙarfin kowa. Ya san bayinsa. Da ya ga na ukun ba zai iya juya talanti ɗaya ba, da bai ba shi ba. Bayarwar kanta shaida ce cewa bawan ya isa.

Ko da ya ke misalin ya shafi dukan abin da Allah ya ba mu amana, watau Bishara, da lokaci, da dukiya, da ƙarfin jiki, lalle hikimar ƙirƙiro abu tana ciki. Mu duba Fitowa 35. Sa'ad da za a yi Mazauni a jeji, Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin ya iya tsara zane, ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla, ya yanka duwatsu, ya sassaƙa itace. Ya kuma ba shi, shi da Oholiyab, baiwar koya wa waɗansu. Ba firistoci ba ne, ba kuwa annabawa ba. Masu aikin hannu ne. Saboda haka maƙeri da masaƙi da maɗinki da mai kiɗa da mai rubutu, kada ɗayansu ya ce baiwarsa ba ta Ruhu ba ce.

2. Abin da tsoro ya yi

Bayi biyu na fari ba su yi jinkiri ba, suka shiga ciniki. Kowa ya san ciniki ba shi da tabbas. Ayari ya kan gamu da 'yan fashi, jirgi ya kan nutse, kasuwa ta kan faɗi. Sun san wannan duka, suka fita.

Na ukun ya haƙa rami ya binne kuɗin. A idon mutanen zamaninsa bai yi wauta ba. Malaman Yahudawa sun koyar daga baya cewa ba inda kuɗin ajiya ya fi tsira kamar cikin ƙasa, kuma misalin dukiyar da aka ɓoye a gona (Matta 13:44) ya nuna mana al'ada ce sananniya. Bawan nan bai saci kome ba, bai kuwa ɓatar ba. Maƙwabtansa da sun ce mutum ne mai hankali.

Amma da ranar lissafi ta zo, sai bakinsa ya tona abin da ke zuciyarsa. Ya ce ya san ubangidansa mutum ne mai tsanani, mai cin amfanin wahalar waɗansu, shi ya sa tsoro ya kama shi. Mu bi sawun abin a hankali. Da fari ya yi wa ubangidansa mummunan zato. Zaton ya haifi tsoro. Tsoron ya haƙa ramin. Haka ya ke a gare mu. In muna ganin Allah kamar mai karɓar haraji wanda ke jiran kuskurenmu domin ya kama mu, ba za mu taɓa kuskura mu gwada kome dominsa ba. In kuwa mun san shi Uba ne, wanda bai hana mana Ɗansa ba, za mu yi kamar yaro mai koyon tafiya, wanda ya kan faɗi ya tashi domin ya ga hannun uwarsa a miƙe.

Mu da mu ke aikin juyi mun daɗe a kan kalma ɗaya a aya ta 26. Kalmar Helenanci da aka juya da ma'anar ragwanci ita ce okneros. Tushenta ya ƙunshi ma'anar jinkiri da ja da baya, kamar mutumin da ya zo bakin rafi ya sa ƙafa ya janye, ya sāke sawa ya janye, har rana ta faɗi bai haye ba. Bawan ya kira halinsa tsoro, ubangidansa ya kira shi ragwanci da mugunta. Sau da yawa abin da mu ke kira tawali'u ko taka-tsantsan, in an kwance shi a gaban Allah, ƙin wahala ne da gudun kunya.

Aya ta 27 ta rufe masa kowace ƙofar hujja. In ba shi da zuciyar fatauci, ai akwai masu canjin kuɗi, da ya kai musu ya sami ɗan abin da ya hau kai. Watau akwai ƙaramin mataki da mai tsoro ma zai iya ɗauka, bai ɗauka ba.

Mu lura kuma da yabon da aka yi wa mai biyar da mai biyu, a aya ta 21 da ta 23. Kalmomin iri ɗaya ne, ba bambanci ko kaɗan. Ba yawan riba aka yaba ba, aminci aka yaba. A cikin misalin duka mutum ɗaya ne ya yi hasara, shi ne wanda ya fi kowa gudun hasara. Abin da ya binne aka karɓe, shi kuma aka fitar da shi cikin duhu. Magana ce mai nauyi, bai kamata mu rage mata nauyi ba.

3. To, in na gwada na kāsa fa?

Wannan ita ce tambayar da ke zuciyar kowa, kuma Littafi Mai Tsarki bai yi mana alkawari cewa duk abin da muka fara zai yi albarka yadda mu ke so ba. Amma ya nuna mana abin da Allah ya kan yi da waɗanda suka kāsa.

Yohanna Markus ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari, amma da suka kai ƙasar Bamfiliya ya rabu da su ya koma Urushalima (Ayyukan Manzanni 13:13). Abin ya yi wa Bulus zafi, har ya ƙi a sāke tafiya da shi, suka rabu da Barnaba a kan maganar (15:36-40). Barnaba ya ɗauki saurayin suka tafi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ƙarshensa ya kusa, ya rubuta wa Timothawus ya zo masa da Markus domin yana da amfani gare shi (2 Timothawus 4:11). Iyayen ikilisiya na fari sun shaida cewa shi ne ya rubuta Bishara ta biyu. Da Markus ya ce ya sha kunya sau ɗaya ba zai ƙara fita ba, dubi abin da za mu rasa.

Sarki Dawuda ya yi niyyar gina wa Ubangiji haikali. Allah ya hana shi, ya ce ɗansa ne zai gina. Duk da haka Allah ya yaba masa domin abin ya kasance a zuciyarsa (1 Sarakuna 8:17-19). Dawuda bai yi fushi ya naɗe hannu ba, ya tara duwatsu da ƙarfe da katako domin Sulemanu. Wani lokaci dabararmu ba mu ne za mu cika ta ba, namu shi ne mu tara kayan gini.

A tarihin Bishara a ƙasar nan ma muna da shaida. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, da nufin kai Bishara cikin ƙasar da a ke kira Sudan a lokacin. Ba wata babbar ƙungiya a bayansu. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Ikko, sauran biyu suka shiga cikin ƙasa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada ba shi da ko mutum ɗaya da zai nuna. A 1900 ya sāke zuwa, zazzaɓi ya sāke kama shi, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa ma suka juya. Sau biyu ke nan. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi, a ƙasar Nufe, cikin 1902. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito, wadda aka kafa a 1954, shekara 12 bayan rasuwar Bingham.

Kuma wannan Bishara ta Matta da mu ke nazari, a 1857 aka fara buga ta da Hausa. Wanda ya juya ta, J. F. Schon, bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya koyi harshen daga bakin bayin da aka 'yanta a Saliyo, daga baya kuma wurin Dorugu, yaron da ya je Ingila tare da matafiyin nan Barth. Hausarsa ba ta rasa kuskure ba, waɗanda suka biyo baya sun gyara da yawa. Amma sun sami abin gyarawa ne domin shi ya yi ƙarfin hali ya fara. Sai a 1932, bayan shekara 75, aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, ta hannun Dokta Walter Miller da abokan aikinsa. Aiki mai kuskure ana iya gyara shi. Aikin da ba a yi ba, ba mai iya gyarawa.

4. Waƙoƙin da aka binne

Bari mu faɗi wani abu da ya same mu, wanda har yanzu ya ke damunmu. A wani ƙauye da muka yi aikin juyi akwai wani tsoho mai bishara, wanda kafin ya tuba shi ne makaɗin garinsu. Wata rana da dare muka ji shi yana rera labarin ɗan nan da ya ɓace, da harshensu, da muryar waƙoƙin noma, a hankali kamar mai gudun a ji. Muka tambaye shi, ya ce yana da irinsu da yawa, amma yana tsoro kada dattawa su ce ya komo da kiɗan dā cikin ɗakin sujada. Muka ce za mu zauna da shi mu rubuta su, mu kuma yi magana da dattawan. Amma mu ma muka ji nauyin maganar, muka ce sai bayan girbi. Bayan girbi muka ce sai an gama juyin Markus. Kafin damina ta zagayo tsohon ya kwanta ciwo, ya rasu. Jikarsa ta iya tuna baiti biyu ko uku kaɗai. Da muka gaya wa dattawan, sai ɗayansu ya ce da sun sani da sun yi murna. Ashe abin da a ke tsoro ma babu shi. Ramin nan mu biyu muka haƙa shi, kuma ba mu ɗora wa tsohon kaso mafi girma ba.

5. Bambancin bangaskiya da garaje

Kada wani ya fita daga nan ya ce an koya masa ya sayar da gonarsa gobe domin wani tunani da ya zo masa cikin dare. Ba kowane tunani ne daga Allah ya ke ba. Ubangiji da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci (Luka 14:28-30). Lissafi daban, tsoro daban. Mai lissafi yana tambaya yadda za a yi. Mai tsoro yana neman dalilin da zai sa kada a yi. Ga hanyar da mu ke ba da shawara a bi.

Na fari, a auna tunanin da Maganar Allah. Zai ɗaukaka Kristi? Zai amfani maƙwabci? In akwai ƙarya ko cuta ko neman suna a ciki, a bar shi.

Na biyu, a kai shi gaban Allah cikin addu'a, amma a sa wa addu'ar ranar tashi. Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kislev, ya yi ta addu'a da azumi, a watan Nisan kuwa, bayan wajen wata huɗu, ya buɗe baki a gaban sarki. Shi da kansa ya rubuta cewa tsoro mai yawa ya kama shi (Nehemiya 2:2), amma ya yi magana da tsoron a jikinsa. An gama garun cikin kwana 52 (6:15).

Na uku, a faɗa wa mutum biyu ko uku masu tsoron Allah, waɗanda za su faɗi gaskiya. Rashin tayi a kan bar arha. Tunanin da ba a faɗa ba, ba mai iya taimakonsa.

Na huɗu, a fara da kaɗan. Mai waƙa ya rera ta a sujadar gida kafin ya kai ta gaban taro. Mai son ajin karatu ta fara da mata uku a ƙarƙashin itace. Manomi mai son gwada sabon iri ya ware kunya biyar a gefen gona, kada ya shuka gonar duka. In abin ya lalace, hasarar kaɗan ce, ilimin da aka samu kuwa mai yawa.

Na biyar, kada a jira sai kome ya daidaita. Mai-Wa'azi 11:4 ya gargaɗe mu cewa manomin da ya tsaya duban iska da gizagizai, shuka da girbi duka za su wuce shi. Aya ta 6 ta ƙara da cewa mu yi ta shuka safe da yamma, tun da ya ke ba mu san wadda za ta yi ba. Kowane manomi a cikinmu ya taɓa yin shuka ruwa ya ɗauke, ya sāke shuka. Ba mu taɓa jin wanda ya bar noma domin wannan ba.

6. Magana ga dattawa da shugabanni

Tsoron da ke hana 'yan'uwa, sau da yawa tsoron bakinmu ne. In yaro ya kawo shawara muka ce ba haka a ke yi ba tun zamanin iyayenmu, ba shi kaɗai muka rufe wa baki ba, har da goma da ke kallo. Bulus ya tuna wa Timothawus, wanda ya ke saurayi ne, ya hura baiwar da ke cikinsa kamar yadda a ke hura wuta (2 Timothawus 1:6). Garwashi ƙarami numfashi kaɗan ya ke bukata, ruwa kaɗan kuma ya isa ya kashe shi. Mu zama kamar Barnaba, wanda manzanni suka ba shi wannan suna domin shi mai ƙarfafa zuciya ne (Ayyukan Manzanni 4:36). In za mu gyara, mu gyara aikin, kada mu karya mai aikin. In ɗan'uwa ya gwada ya kāsa, kada labarinsa ya zama abin hira a bakin kasuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne ya nuna cewa bawa na uku yana da ikon juya talantinsa?
2. Yaya zaton da ya yi wa ubangidansa ya kai shi ga binne kuɗin? Wane irin zato mu kan yi wa Allah?
3. Don me aka yi wa mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya?
4. Mene ne bambancin lissafin Luka 14:28 da tsoron Matta 25:25?
5. Da Barnaba ya bi ra'ayin Bulus a kan Markus, me za a rasa?
6. Akwai wata shawara da aka taɓa kawowa a ikilisiyarmu aka yi watsi da ita ba tare da an auna ta ba?

Aikin mako

Kowa ya zauna shi kaɗai ya tuna abu ɗaya mai kyau da ya daɗe a zuciyarsa bai yi ba. Ya rubuta shi, ko ya sa a rubuta masa. Kafin taro na gaba ya faɗa wa mutum ɗaya, ya kuma ɗauki mataki ɗaya, kome ƙanƙantarsa. Shugaban aji ya ba da lokaci a farkon darasi na goma domin a ji labari, har da na waɗanda suka gwada abin bai yi ba.

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai ba da kowace kyakkyawar baiwa. Mun furta a gabanka cewa mun binne abubuwa da yawa da ka danƙa mana, mun fi jin tsoron dariyar mutane da ranar da za mu tsaya a gabanka. Ka gafarta mana mummunan zaton da muka yi maka. Ka ba mu hankali mu rarrabe abin da ke naka da abin da ke na son zuciyarmu, ka kuma ba mu ƙarfin hali mu tona abin da muka binne tun da sauran rana. In mun faɗi, ka tashe mu. In ɗan'uwanmu ya faɗi, ka sa mu miƙa masa hannu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.